A Santambul Baba Ɗaya Ne

Tunda na dawo daga Turkiyya ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Kubwa sai ya ja benci ya zauna, wai a ba shi labari. Oga Bitrus mai walda, maƙwabcina, kullum tambayarsa ɗaya ce: "Oga tela, sanyi ta kama ka a can?" In na fara ba wannan labari, sai wancan ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Ni kuma mutum ne mai tsoron ƙari a magana. Kada in faɗa wa wani abu yau, gobe in faɗa wa wani daban, a rubuta mini ƙarya. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Karatuna a firamare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Da yawa sun ɗauka sarin yadi na je. Ba haka ba ne.

Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, ni Ibrahim da ƙanena Kabiru. Ni aka cire daga makaranta aka kai koyon ɗinki a Abaji, shi aka bari ya ci gaba. Yau darakta ne a wata ma'aikata, gidansa na Gwarinpa. Da ya yi aure sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, sai mahaifiyarmu ta ce in ba shi ɗan farina da aka yaye. Na ba shi, ba wanda ya yi mini dole. Daga baya suka sami nasu, 'yan mata, amma ba wanda ya tayar da maganar yaro ya dawo. Ba a yin irin wannan maganar a gidanmu.

Yaron ya tashi yana ce wa Kabiru Dadi, ni kuma Baba. Kada ku ce ai Baban ya fi nauyi. Baba shi ne abin da kwandastan bas ke ce mini kullum: "Baba, matsa ciki." Shi ake ce wa maigadi da mai goro da duk wanda ya fara furfura. Dadi kuwa mutum ɗaya ne. A makaranta da sunan Kabiru aka rubuta shi, sunan ya bi shi har cikin fasfo. Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu ya ci, kunyar ta zama biyu. "Yaron nan" nake cewa, ko "ɗan gidan Kabiru".

Sai ya sami gurbin karatun injiniya a wata jami'a a Istanbul, garin da mahaifinmu ke kira Santambul. A bakin matata na ji. Na ce masha Allah, na ci gaba da taka keke.

Wata ranar Asabar sai ga motar Kabiru a ƙofar shago, shi da kansa, abin da bai saba ba. Ya zauna a kan bencin da ke ƙasa da nawa, ya gaishe ni, ya yi ta juya mukulli a hannu.

"Yaya, ana neman ka."

"Wa ke nemana?"

"Mun je neman biza. Sun duba takardar haihuwarsa, sunanka ne a wajen uba. Kuma shekarunsa ba su cika sha takwas ba. Dole mahaifi ya sa hannu ya yarda. Sun ce in da hali ma ka bi mu, saboda iƙama."

Na ce, "Iƙama kuma? Ba su da ladan ne a can?"

Ya yi dariya har da tari. "Yaya, ba ta masallaci ba. Izinin zama."

Ya yi mini bayani, ni ma bari in yi muku, don na ga da yawanku kuna da niyyar tura 'ya'ya. Biza ƙofa kawai take buɗe maka ka shiga. In ka shiga sai ka nemi iƙama, ita ce ke ba ka damar zama ka yi karatu, kuma akwai wa'adi, kamar wata guda. In wa'adin ya wuce ba ka nema ba ka zama ɗan zaman sata, makaranta ba za ta riƙe ka ba, gida za a mai da kai.

Da motarsa ta tashi na ji wani daɗi a raina wanda sai da na yi istigfari a kansa. Duk digirorin Kabiru, ga abu an ce sai tela.

Aka shiga yi mini fasfo da biza. Wajen hoto aka ce in cire hula, abin da rabona da yi a gaban mutane tun ina saurayi. Amma abin da ya fi damuna shi ne fom. Magatakardan Kabiru ya cika mini, na sa ya karanto. A wajen dalilin tafiya ya rubuta yawon buɗe ido. Na ce ni ba yawo za ni ba, kuma ba zan sa hannu a ƙarƙashin ƙarya ba. Ya ce ba gurbin da aka rubuta rakiyar ɗa. Sai da na kai maganar gaban limaminmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam Ibrahim, in ka je ka buɗe idon naka sosai, ka leƙa kasuwa ko da ɗaya. Shi ke nan ba ka yi ƙarya ba." Na sa hannu.

A filin jirgi matar Kabiru, wadda yaron ke kira Momi, ta rungume shi tana kuka a gaban kowa. Matata, wadda ta haife shi, tana can baya ta ja mayafi, tana kallon takalmanta. Ita ta kwana biyu tana daka yaji da kuka, ta aika aka sayo kilishi mai kyau. Da ya zo ya durƙusa a gabanta sai ta ce, "Allah ya tsare," ta kau da kai. Haka ya kamata ta yi. Amma na ji zafi a madadinta.

Injin bincike ya yi ƙara a kaina. Ɗan almakashina ne, wanda ba ya rabuwa da aljihun gabana. Na rantse musu ni tela ne, suka ce sun yarda, amma almakashi ba zai hau jirgi ba. Direban Kabiru ya koma da shi. Tef ɗin awo suka bar mini.

A cikin jirgi yaron ya zauna a bakin taga, Kabiru a tsakiya, ni a bakin hanya inda keken abinci ke bugun gwiwata. Ban ci naman ba don ban san wanda ya yanka ba, burodi na ci da ruwa. Ina ta lissafin ina gabas take, ga jirgi sai karkata yake. Da na waiwaya zan tambayi Kabiru sai na ga yaron ya yi barci, kansa a kafaɗarsa. Ƙato da shi, har da gashin baki. Na fasa tambayar. Muka sauka Alƙahira muka sake jirgi, aka sake zama kamar da.

A Istanbul ɗan sandan kan iyaka ya dubi hotona marar hula, ya dube ni mai hula, ya yi mini alama in cire. Ya buga hatimi. Da muka ɗauki kaya na ga ƙofa biyu, ta masu abin nunawa da ta waɗanda ba su da komai. Kabiru ya nufi ta biyun. Na ce ai muna da abinci. Ya ce, "Yaya, don Allah zo mu wuce." Na ce ni ba zan shiga ƙasar mutane da ɓoye ba. Na ja jakar na kai musu. Ma'aikacin ya buɗe gwangwanin yaji ya kai hanci, ya yi ta atishawa har abokan aikinsa na dariya. Ya mai da mana yaji da kuka. Kilishi kuwa ya ce doka ba ta yarda a shigo da nama ba, ya ajiye shi gefe. Kilishin uwarsa ke nan. Yaron ya dubi Kabiru, Kabiru ya dube shi, irin kallon mutanen da suka saba yin magana ba tare da buɗe baki ba. Wannan kallon ya fi asarar kilishin ci mini rai.

Muka sauka a wani ƙaramin otal na wani dattijo mai ƙiba, mai fara'a. Kafin mu ajiye jaka an kawo shayi a cikin ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ja wur, ba madara. Duk inda ka zauna a ƙasar nan sai an kawo shi, ko a shagon mai takalmi. Da safe aka jera mana tumatir da kokwamba da cuku da zaitun, duk ɗanye. Na zauna ina jiran a zo a kwashe kayan miyar a dafa, ashe karin kumallon ke nan. Da rana na ga nono fari tas a kofi, raina ya biya, na tuna fura. Na kurɓa, ashe gishiri suke zuba masa. Na haɗiye don kada in wulaƙanta abinci. Kyanwoyinsu kuwa ƙosassu, suna kwance har a ƙofar masallaci, ba mai kora. Wuta ba a ɗauke ta ba ko sau ɗaya, har kunnena ya riƙa neman ƙarar janareto.

A wannan otal na ga abin da ya tsaya mini a rai. Muna zaune da hantsi sai ga wani magidanci ya shigo da jaka, da alama daga tafiya yake. Ya nufi dattijon ya kama hannunsa ya sumbata, ya ɗora a goshinsa, ya ce, "Baba." Dattijon ya kira sunansa da ƙarfi, ya rungume shi yana bubbuga bayansa, ya juyo yana nuna mana shi da alfahari. Da ɗan Turancinsa ya gaya wa Kabiru wai babban ɗansa ne. Ɗan fari! A gaban baƙi! Na ce a raina waɗannan mutane ba su san kunya ba. Amma na kasa ɗauke idona.

Na ce, "Su ma Baba suke cewa?"

Yaron ne ya amsa, don ya fara koyon yarensu tun a gida. "E, Baba. Amma su mahaifi kawai suke ce wa baba. Sauran dattawa da 'yan'uwan uba amja ake ce musu."

Ya faɗa ya koma kan wayarsa. Bai san abin da ya faɗa ba.

A jami'a wata mata mai kula da ɗaliban waje ta taimaka aka haɗa fayil: takardar makaranta, inshorar lafiya, hotuna, adireshin ɗakin kwanan ɗalibai, da takardar yardata da aka fassara aka buga wa hatimi. Ta ba mu ranar zuwa ofishin baƙi. Can muka tarar da duniya a layi, Larabawa, 'yan Somaliya, masu kama da Sinawa, kowa rungume da fayil. Ina tsaye sai na ji an ce, "Sannu da hutawa, Alhaji." Wani Badamagare ne mai sarin darduma, ya daɗe a ƙasar, ya zo sabunta tasa. Hulata ya gani. Na ce masa ban je Makka ba tukuna, kada ya ɗora mini abin da ban yi ba. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, shawara ɗaya. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, kuma ya dace da takarda. Su takarda suke ji."

Lambarmu ta fito. Wata ma'aikaciya ce mai tabarau, ba yarinya ba. Kabiru ya tsaya a gaba, da ma shi ke tsayawa a gaba ko'ina. Ta buɗe fasfon yaron, ta dubi na Kabiru, ta gyaɗa kai. Ta ɗauko takardar haihuwa da ta yarda, sai ta dakata. Ta jera su ukun, ta bi da biro. Sunan da ke fasfo daban, sunan uba a takardar haihuwa daban. Kabiru ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta dube ni. Ta nuna yaron, ta nuna ni, ta yi tambaya da Turanci mai sauƙi wanda ko ni na gane: wannan ɗanka ne?

Ku da kuke karantawa kun san amsar da ake bayarwa. Ko a ɗaurin aure aka tambaye ka a gaban ɗan'uwanka, ka san abin da za ka ce. Shekara da shekaru ina jiran wani ya yi mini wannan tambayar. Da aka yi, bakina bai jira ni ba. Na sunkuyar da kai, na girgiza shi, na nuna Kabiru da hannu biyu, na ce ɗansa ne.

Ta cire tabarau. Ta ce in wannan ba uban ba ne, don me ya sa hannu a matsayin uba? In wancan ne uban, ina tasa yardar, kuma me ya sa sunansa ba ya cikin takardar haihuwa? Ta ce a kawo mahaifi na gaskiya, ko takardar kotu. Ta rufe fayil ta turo mana, ta kira lamba ta gaba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi.

A waje, a gaban mai shayi, Kabiru ya manta ni ne babba.

"Yaya, me ka yi ke nan? Tun daga Kubwa aka ɗauko ka saboda kalma ɗaya!"

"To me kake so in ce a gabanka?"

"Gaskiya! Kai da ka kai musu kilishi da hannunka!"

Wannan ta soke ni, don ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Na ce, "Ai naka ne. Sunanka ne a jikinsa. A kafaɗarka yake barci. Ni ban da sa hannu me aka taɓa nema a wajena?"

Ya tsaya yana kallona, baki buɗe. "Au! Abin da ke cinka ke nan tun daga Abuja? Ni na ɗauka jirgi ne bai karɓe ka ba."

"Kada ka mai da ni abin wasa, Darakta."

"Ni na roƙa? Inna ce ta ce a ba ni. Ka taɓa cewa yaro ya zo maka hutu na hana?"

"A roƙa ake yi?"

Mai shayi ya ajiye mana kofuna ba wanda ya ce ya kawo. Sai yaron ya matso, ya rage tsawo a gefena, a kan titin mutane. Bai dube ni ba. Ya ce, "Baba, in ba ku faɗa ba gida za su mai da ni."

Ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba sai ran nan.

Takardar kotu daga Najeriya ba za ta iso kafin wa'adi ba, sabuwar rana kuma sai an jira. Badamagaren nan ne ya fito ya same mu, ya ji abin da ya faru, ya riƙe ciki yana dariya. "Kunyar ɗan fari a ofishin iƙama! Wallahi sai na ba da labarin nan a Damagaram." Da ya gama ya ce mu ɗauko matar jami'a mu koma wajen ma'aikaciyar nan dai, tun ba ta manta fuskokinmu ba.

Washegari da safe muka koma tare da ita. Sun daɗe suna magana da yarensu, tana yi mata bayanin riƙo kamar yadda Kabiru ya gaya mata. Ma'aikaciyar ta saurara, ta ce ta ji, amma daga bakina take son ji. Ta sa Kabiru ya fassara, don kada a ce ban gane ba.

Ya ce, "Yaya, ta ce yaron nan ɗan wane ne?"

Da ya faɗa sai ya ja da baya, ya je ya jingina da bango. Ban taɓa ganin Kabiru a bayan kowa ba.

Na ce, "Nawa ne."

Daga bangon ya ce, "Ta ce sunansa."

Sunan mahaifina, sunan ɗan farina, ga shi tsaye yana ji. Na ce a raina Allah ka gani, ba rashin kunya ba ce, doka ce. Na ce, "Haruna."

Ga shi har na rubuta.

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na faɗi sunan uwarsa. Na ce a Abaji aka haife shi, da damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni na je kiran ungozoma ba takalmi. Na ce yana da tabo a bayan kunnen hagu, inda ya faɗa kan ƙafar keken ɗinkina yana rarrafe, kafin a ɗauke shi. Yaron ya kai hannu bayan kunnensa. Kabiru ya ce, "Yaya, ya isa. Ba ta tambayi wannan ba."

Ba a fassara mata ba, ba ta kuma nema ba. Ta mai da tabarau, ta nuna ni da biro ta ce, "Baba." Ta nuna Kabiru ta ce, "Amja." Ta buga hatimi.

A bakin ƙofa Kabiru ya ce, "Me ta kira ni?"

Yaron ya ce, "Baffa, Dadi."

Ban yi dariya ba. Na dai sake yin istigfari.

Kafin mu taho na shiga babbar kasuwarsu na buɗe ido sosai, don cika maganar liman. Ɗinkinsu na kwat ba laifi, amma ba su iya wuyan kaftani ba. Ranar rabuwa a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai yaron ya rungume Kabiru. Da ya zo kaina ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba, Turkawa na wucewa suna kallo. Na ɗan miƙa hannuna, ban san ma na miƙa ba, ina tuna dattijon otal. Kansa na ƙasa, bai gani ba. Na mai da hannun aljihu, na ce Allah ya yi albarka.

Iƙama ta fito bayan mun dawo, ɗan littafi ne. Ya turo hotonsa, a wayar Kabiru mana, shi ya kawo mini shago. Akwai layin da aka rubuta sunan baba, a gabansa Ibrahim. Na sa ya ƙara girman hoton na karanta da kaina. Sunan Kabiru ma yana nan, a sama da nawa, don ba a canza fasfo. Na lura da wannan, ba zan ce ban lura ba.

To Oga Bitrus, sanyi ya kama ni, amma ba sosai ba. Masu niyyar tura yara kuma, ku duba sunan da ke fasfo da na takardar haihuwa tun kuna gida, kuma wanda ya haifa ya koyi cewa shi ya haifa.

Ranar Juma'ar da ta wuce yaron ya kira. Gwarinpa ya fara kira, na bincika. Bayan nan wayata ta yi ƙara, ina tsakiyar yanka shadda. Na ajiye almakashi na ɗauka. Ya ce, "Baba, ina wuni?"

Ban tambaye shi da wane yare ya faɗa ba.